A ware masu lalata yara a gidan yari

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a bani ɗan fili. Nasan wasu zasu ce ina ruwanka da wanda ya lalata yarinya, wallahi nima uba ne, abin yana min ciwo sosai. Amma fa abinda ake musu a gidan yari ya kamata mu duba. A Ingila akwai Richard Huckle da ya lalata yara a Malesiya, kotu ta masa ɗaurin rai da rai a 2016, a 2019 wani fursuna ya kashe shi a cikin ɗakinsa. A Amurka ma Larry Nassar, likitan 'yan wasa da aka ɗaure saboda lalata 'yan mata, an caccaka masa wuƙa a kurkukun Florida a 2023, da kyar ya sha.

Wani ƙanin babana da yayi aikin gandiroba yace min da zarar an ji laifin mutum shikenan, shi ne wankin masai, shi ne kwana bakin bokitin fitsari, a ƙwace masa gabzarsa, duka kuma ba'a magana, ma'aikata suna gani su kau da kai.

Toh wa ya naɗa ɗan fashi alƙali? Kuma wani ma jiran shari'a yake, ba'a tabbatar ba tukun. In hukunci mai tsanani muke so ai Kaduna tayi dokar dandaƙa tun 2020, a bari kotu ta yanke, hukuma ta zartar. Ina roƙon hukumar gidajen gyaran hali ta ware musu sashe daban, nesa da yara matasa da ake tsarewa.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya