Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan Sankarar Tumbi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A garuruwanmu, duk wanda ya yi kukan zafin ciki sai a ce masa olsa ce, ya yi wata da watanni yana sayen omeprazole a kemis. Sai ya rame, ko loma uku sun ƙosar da shi, kafin a zura masa na'urar leƙa tumbi. A lokacin sau da yawa sankara ta riga ta bazu. Akwai ma wani mugun nau'inta da ba ya yin ƙullutu, sai ya bi bangon tumbi ya sandarar da shi kamar busasshiyar salka.

A da, wanda ya kai wannan mataki ba shi da abin yi sai kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) da addu'a. Yanzu an samu sauyi. Tun 2010 ake ba masu sankarar da ke ɗauke da sinadarin HER2 maganin trastuzumab, mai bin ƙwayar cutar kai tsaye. A 2021 Amurka ta amince da nivolumab, wanda ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi sankarar da kanta, a haɗe da kemo. A 2024 Japan ta fara amincewa da wani sabon maganin, zolbetuximab. Ba kasafai suke warkarwa ba, amma suna ƙara wa wasu majinyata watanni tare da iyalinsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ba a ba da su da ka. Dole a yanki ɗan tsokar da sankarar ta kama, a gwada wasu alamomi a cikinta, wato HER2, PD-L1 da MSI, a ga wanda zai amfana. Nan ne roƙona, ranka ya daɗe. A tabbatar ana yin waɗannan gwaje-gwaje kullum, kan farashin da talaka zai iya, a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, da Asibitin Malam Aminu Kano, da na Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri.

Asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa masu sankara ya faro ne da ta mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. A shigar da ta tumbi, NICRAT, cibiyar bincike da maganin sankara ta ƙasa, ta yi cinikin magungunan a dunƙule don farashi ya sauko.

A kuma kai gwajin ƙwayar H. pylori, mai zama a cikin tumbi, ƙananan asibitoci. Tun 1994 masana suka sanya ta cikin masu haddasa sankara, alhali maganin mako biyu kan kashe ta.

Allah ya yi maka jagora.

Wassalam,
Wani ɗan ƙasa daga Kano