Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dakta Tedros: Wa Ya Rage Yana Bin Sawun Sauro?

Zuwa ga Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus, Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan magana guda, wato riƙon sakainar kashin da ake yi wa aikin binciken sauro a fili, kuma ba sai na tsaya yi maka bayanin muhimmancinsa ba, tun da a irin wannan fagen ka fara yin suna. Tun kafin ka zama ministan lafiya na Habasha, kai da abokan aikinka kuka bi ƙauyukan Tigray kuna ƙirga yaran da zazzaɓi ya kwantar, har kuka nuna wa duniya a 1999 cewa yaran da ke zaune kusa da ƙananan madatsun ruwa sun fi na nesa kamuwa da maleriya kusan ninki bakwai, kuma a kan wannan batu ne Jami'ar Nottingham ta ba ka digirin dakta a 2000. Saboda haka duk wanda za a yi wa uzurin rashin sani, ban da kai.

A watan Mayun 2017, babban taron lafiya na duniya da ya zaɓe ka shi ne kuma ya amince da shirin yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cututtuka na 2017 zuwa 2030. A cikin shirin an amsa a fili cewa ƙasashe da dama ba su da isassun masana ƙwari a ma'aikatunsu na lafiya, an yi alkawarin horar da su da ƙarfafa sa ido, an kuma sa burin rage mace-macen waɗannan cututtuka da aƙalla kashi 75 cikin 100 kafin 2030. Kai da wannan alkawari a zama ɗaya kuka shigo. Rahoton hukumarka ya ce a 2023 an sami kamuwa da maleriya miliyan 263 da mutuwa 597,000, kuma kashi 95 cikin 100 na mamatan a Afirka suke. Ba na ɗora maka wannan adadi kai kaɗai, domin na san rabon gwamnatoci a ciki ya fi naka. Abin da nake tuhumarka da shi ya fi wannan ƙanƙanta, amma yana hannunka: ka bari an ci gaba da yaƙar sauro ba tare da isassun mutanen da ke duba abin da sauron yake yi ba.

Labarin sauron Anopheles stephensi ya isa shaida. Sauro ne na Kudancin Asiya da yankin Larabawa wanda, saɓanin nau'o'in da Afirka ta saba da su, ya iya zaman birni, yana hayayyafa a tankunan ruwa da rijiyoyi da ruwan da magina ke tarawa, don haka rani bai cika karya shi ba. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ba da rahoton kamuwa da maleriya 27 kacal tana shirin sallamar cutar, amma zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An same shi a Habasha da Sudan a 2016, Somaliya a 2019, Najeriya (a Jihar Gombe) a 2020, Kenya da Gana a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta fitar da gargaɗi a kansa ba sai a 2019, ba ta ƙaddamar da shirin daƙile shi ba sai a watan Satumban 2022, wato shekara goma cif bayan bayyanarsa, a shekarar da ya riga ya tayar da annoba a birnin Dire Dawa na ƙasarka a tsakiyar rani. Idan wannan ba ihu bayan hari ba ne, to a gaya mana sunansa. Kuma duk wanda ya kalli taswirar wuraren da aka same shi, ya ga tazarar da ke tsakanin Sudan da Jihar Gombe, ko tsakanin Gombe da Gana, ya san taswirar tana nuna inda aka sami mai dubawa ne kawai. Sauran wuraren da suka fito fari tas, ba wanda zai iya rantsuwa cewa babu shi a can. Masu bincike sun ƙiyasta a 2020 cewa idan ya bazu, ƙarin mutane miliyan 126 a biranen Afirka za su shiga haɗari.

An taɓa yin irin wannan a baya, kuma ka san yadda ta ƙare. A 1930 wani masanin ƙwari ya tsinci tsutsar sauron Afirka, Anopheles gambiae, a birnin Natal na Brazil, aka yi sakaci da maganarsa har annobar 1938 ta kashe dubban mutane a arewa maso gabashin ƙasar. Da aka farka, aka baza dubban ma'aikata suna bin kududdufi ɗaya bayan ɗaya da gida ɗaya bayan ɗaya, zuwa 1940 an kawar da shi daga Brazil. Ba su da na'urar tantance ƙwayar halitta, ba su da tauraron ɗan'adam, mutane kawai suke da su da tsari mai tsauri.

Ina so in tuna maka yadda aikin yake, ko da yake ka sani, domin ina zargin masu rubuta kasafin kuɗi sun manta. Mutum ne zai zauna tun faɗuwar rana, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, tocila a hannu ɗaya, bututun zuƙo sauro a baki, yana jiran macen sauro ta sauka a ƙwaurinsa ya zuƙe ta kafin ta cije shi, ya hura ta cikin kofin da aka rufe bakinsa da yadi mai raga, kowace awa da kofinta, wani yana cikin ɗaki wani yana waje, ana karɓa-karɓa har gari ya waye. Da sassafe wasu su shimfiɗa fararen zannuwa a ɗakunan kwana, su rufe ƙofa su yi feshi, su tsince abin da ya faɗo. Wasu kuma su bi bakin ruwa da ludayi suna kamfato tsutsa, a raine ta har ta zama sauro, a zuba macen sauro 25 a kowane bututun gwaji da aka naɗe cikinsa da takarda mai magani, a bar su awa ɗaya, a dawo bayan awa 24 a ƙirga matattu. Idan waɗanda suka mutu ba su kai kashi 90 cikin 100 ba, an tabbatar sauron yankin ya bijire wa maganin. Daga waɗannan kofuna da bututai kaɗai ake sanin wane sauro ne ke cizo, da ƙarfe nawa, a ciki ko a waje, da kuma ko gidan sauron da aka kashe maƙudan kuɗi aka rarraba yana kashe shi ko kuwa ya koma labule kawai. Babu kwamfutar da za ta ƙirƙiro wannan sani daga ofis, domin lissafin kwamfuta ma abin da mai tocila ya kawo yake ci.

Kuma sauron ba ya zaune wuri ɗaya yana jiranmu. Gidan sauro mai magani shi ne ya ɗauki kusan kashi 68 cikin 100 na kamuwar da aka kauce wa a Afirka tsakanin 2000 da 2015, amma tsawon waɗannan shekaru rukunin magani ɗaya ake jiƙa shi da shi, kuma yanzu bijirewa ga wannan rukuni ta game mafi yawan nahiyar. Sababbin gidajen sauro masu magani biyu da hukumarka ta ba da shawarar amfani da su a 2023, gwajin da aka yi a ƙauyukan Tanzaniya da Benin ne ya haife su, kuma sai da ma'aunin fili za a san ranar da su ma suka fara gazawa. A Benin da Senegal an ga sauron Anopheles funestus ya karkata cizonsa zuwa safiya bayan an wadata mutane da gidan sauro, a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma binciken da aka wallafa a 2022 ya gano cewa kaso mai tsoka na cizon da rana yake faruwa, lokacin da yara ke makaranta. A Mali, masu bincike da suka ɗaga raga mai ɗanko da balan-balan zuwa tsayin mita 40 zuwa 290 sun kama sauro yana bin iska a sama, suka ƙiyasta yana iya cin kilomita ɗaruruwa a dare guda, abin da ya rushe tsohon zaton cewa sauro ba ya nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi. Hukumarka ma ta koyi wannan darasi da kanta a aikin Garki na Jihar Jigawa ta yanzu, wanda ta gudanar tare da gwamnatin Najeriya daga 1969 zuwa 1976: an yi feshi a ɗakuna an raba magani, cutar ta ragu sosai amma ba ta yanke ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani ɓangare na sauron a waje yake hutawa, inda feshin bai kai ba. Ban ma taɓo tundurmi da gwaiwa ba, waɗanda a Afirka ta Yamma sauron da ke kawo zazzaɓi shi ne dai ke ɗauko tsutsarsu, ta yadda mai kama sauro ɗaya cututtuka biyu yake yi wa gadi.

Na san amsar da za a ba ni ita ce babu kuɗi. Gaskiya ne abin da aka tara wa maleriya a 2023 dala biliyan 4 ne alhali ana bukatar 8.3, kuma gaskiya ne a watan Janairun 2025 Amurka ta sanar da ficewa daga hukumarka ta kuma dakatar da tallafin waje, wanda da shi ake gudanar da sa ido kan sauro a ƙasashen Afirka da yawa. Amma wannan amsa ita ce ainihin ƙarar da na kawo. Me ya sa aikin da ya kamata ya zama na dindindin a kowace ma'aikatar lafiya, da albashi da matakin girma da fansho, aka bar shi shekara da shekaru a matsayin kwangilar mai ba da tallafi, har ranar da mai tallafin ya juya baya komai ya girgiza? An yi biki don rigakafin maleriya na RTS,S a 2021, an yi don R21 a 2023, an yi don takardar shaidar kawar da maleriya da aka ba Masar a 2024, kuma duka sun cancanci biki. Sai dai mai kwana da ƙwauri a waje ba ya kyau a hoto, shi ya sa nake tsoron idan aka zo yankan kasafi da shi za a fara. Ana yawan faɗa wa shirin kawar da maleriya na 1955 zuwa 1969 baƙar magana cewa masana maleriya ya kawar ya bar cutar, kuma don Allah kada ka bari a maimaita wannan magana a kan zamaninka.

Wa'adinka zai ƙare a 2027, kuma akwai abin da za ka iya yi kafin nan ba tare da jiran kowa ba. Ka sa rahoton maleriya na kowace shekara ya bayyana a shafukansa na farko, ƙasa bayan ƙasa, yawan masana ƙwarin da gwamnati ke biya da aljihunta, da yawan tashoshin sa ido da suka yi aiki wata goma sha biyu ba yankewa, domin minista ya ga sunan ƙasarsa kusa da sifiri ya ji kunya. Ministocin ƙasashen da cutar ta fi addaba sun sa hannu a Yawunde ta Kamaru a watan Maris na 2024 cewa za su ƙara kuɗin cikin gida, kuma kai ne mai bakin tambayarsu nawa daga ciki ya isa hannun masu bin kududdufi. A kuma duba yadda takardun gwajin maganin ƙwari suke zuwa tun daga Malesiya kafin su isa nahiyar da ta fi kowa bukatarsu, a tabbatar masu kama sauro da jikinsu suna samun maganin kariya da kulawar likita a ko'ina, sannan a bai wa tashoshin jiragen ruwa da manyan tashoshin mota masu duba tankuna a kai a kai, musamman a ƙasashen da har yanzu taswirar stephensi ta bar su fari.

Muna sauraron abin da rahoton gaba zai ƙunsa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai bibiyar al'amuran lafiyar jama'a