Wasiƙa zuwa ga Malam Bala kan rashin lafiyar Abba

Ƙofar Marusa, Katsina.

Aminina Malam Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na san ka ƙullace ni saboda shirun da na yi tun bayan Sallah, amma rashin lafiyar yaronmu Abba ce ta ɗauke mini hankali.

Kusan wata 3 mahaifiyarsa tana ganin jini jajawur a saman bayan gidansa idan ta ɗauki fo, alhali yaron ba ya kukan ciwo, ba ya zazzaɓi, wasansa kawai yake yi. Hajiya ta ce basir ne, aka jiƙa sassaƙe. Mai kemis ya ce atini ne, muka sayi magani har sau biyu. Sai ranar da wani jan nama kamar ɗan magarya ya leƙo daga duburarsa ya koma, sannan muka nufi asibiti.

Likitar yara ta ce basir bai cika kama ɗan shekara 4 ba. Ta tambaya ko an taɓa ciwon dajin hanji a danginmu, ta duba leɓɓansa da cikin bakinsa tana neman baƙaƙen ɗigo, domin akwai nau'in tsiron hanji na gado da ke zuwa da su. Ta sa safar hannu ta duba shi da yatsa, aka auna bayan gida ba a sami tsutsa ba, jininsa kuwa ya ɗan yi ƙasa.

Abin da ya raba gardama shi ne kolonoskofi, wato duba cikin babban hanji da kyamara. Abba ya wuni ba abinci sai ruwa-ruwa da maganin wanke ciki, yana kuka yana neman fura, washegari aka yi masa allurar barci aka zura siririn bututu mai kyamara cikin babban hanji. Tsiro ɗaya aka gani kusa da dubura, nan take aka zarge shi da waya aka yanke. Sakamakon awon naman ya nuna ba daji ba ne, alhamdulillahi. Likitar ta ce irinsa ya fi fitowa tsakanin shekara 2 zuwa 10, kuma da sun kai 5 ko fiye, da sai an riƙa maimaita dubawar.

Jarkar maganin basir ɗin nan da ka rantse a kanta tana nan a bayan ƙofa, za ta jira ka. Hajiya dai har yanzu ta dage cewa sassaƙenta ne ya nunar da tsiron. Ka gaida Maman Walida.

Naka,
Lawal