A Dakata Da Rushe Tsohon Soron Bakin Kasuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan izinin da ƙaramar hukumarmu ta bayar na rushe tsohon gidan ƙasa na bakin kasuwa domin gina benen haya.

Muna buƙatar ɗakunan haya, don malamai da ma'aikatan asibiti da ake turo mana suna shan wahalar masauki. Amma soron nan da tubali da azara aka gina shi, aka shafe da makuba, kuma maginan da suka iya wannan aiki sun kusa ƙarewa. In ya faɗi, ba mai sake tayar da irinsa.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da filayen karkara. Ina roƙon a zauna da dagaci da magada, a ba mai son gina benen fili a bayan gari, a gyara soron.

Naku,
Mai karatu daga Jigawa