Mai lallashi ya fara kwantar da nasa hankalin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi tsokaci a kan yadda muke tunkarar ɓacin rai, namu da na waɗanda muke zaune da su, saboda na lura cewa yawancin lallashin da muke yi wa mutane, duk da kyakkyawar niyya, kanmu muke yi wa.

Idan mutum ya kawo mana kukansa, abin da ya fi saurin fitowa daga bakinmu shi ne ya daure, ya manta, ya tuna cewa akwai waɗanda suka fi shi shiga uku. Maganar tana iya zama gaskiya, amma gaggawar furta ta tana da dalili: hawayen wani yana tayar mana da hankali, sai mu nemi hanyar rufe zancen. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Batson ya daɗe yana bambance abubuwa biyu da ke faruwa a zuciyar wanda ya ga wani cikin wahala. Akwai ƙuncin da ke kama mai kallon, wanda ke sa shi neman sauƙi ga kansa ko da ta hanyar kau da kai ne, akwai kuma tausayin da ke mayar da hankalinsa kan mai wahalar, kuma wannan ne ke sa a tsaya a taimaka. A 2004 Tania Singer da abokan aikinta sun nuna, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa idan mace ta san abokin zamanta yana jin ciwo, wasu sassan ƙwaƙwalwarta da ke aiki lokacin da ita kanta take jin ciwo suna motsawa. Ke nan zafin da mai lallashi yake ji na gaske ne, kuma idan bai iya sarrafa shi ba, zafin ne zai yi magana a madadinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar danne abu a zuci da muke yawan bayarwa. James Gross na Jami'ar Stanford ta Amurka ya nuna tun 1998 cewa ɓoye abin da ake ji yana gyara fuska ne kawai, ɓacin ran yana nan daram, jiki kuma yana ƙara ɗaukar zafi. A wani binciken na 2003 da Emily Butler ta jagoranta, an zaunar da mata biyu suna hira, aka umarci ɗaya ta ɓoye abin da take ji, sai hirar ta dagule, bugu da ƙari jinin abokiyar hirar ya hau. Dabarar da Gross ya ga ta fi amfani ita ce mutum ya sake duban al'amarin ta wata fuskar, misali ya ɗauki faɗuwa jarrabawa a matsayin rashin shiri a wannan karon maimakon shaida a kan cewa ba shi da amfani.

Sai dai ba ina nufin a zauna ana ta maimaita zancen damuwa ba iyaka ba. Amanda Rose ta gano a 2002 cewa matasan da suke yawan juya matsala guda a tsakaninsu suna ƙara shaƙuwa, amma alamun fargaba da ƙuncin rai suna yawaita a tare da su. A ganina matsalar tana ga tsari ne. Sauraro shi ne farko, har mai damuwar ya iya faɗin abin da yake ji da bakinsa, ko tsoro ne, ko kunya, ko haushi, domin binciken Matthew Lieberman na 2007 ya nuna cewa ambaton abin da ake ji yana rage motsin sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da barazana. Bayan ya tabbatar an fahimce shi ne kunnensa zai buɗe ga wata fassarar, wadda da an kawo ta tun farko zai ɗauke ta a matsayin raina abin da ya same shi.

Akwai kuma inda lallashin ɗan'uwa ba ya isa. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kama mutum kusan kullum har tsawon mako biyu, ya hana shi barci ko aiki, likitoci suna ɗaukar wannan alamar ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani. Ina roƙon jaridarku ta riƙa gayyato likitocin ƙwaƙwalwa suna bayyana wa masu karatu waɗannan alamomi, da yadda za a raka mutum asibiti ba tare da an kunyata shi ba.

Na gode.

Daga mai karanta jaridarku a kullum.