Kyanwar da ke tangaɗi ba aljana ba ce

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da na san wasu za su ce bai kai a ɓata takarda a kansa ba. Ga tsadar abinci, ga rashin tsaro, wata kuma ta zo da zancen mage. Na ji, na yarda. Amma makon jiya yara sun zagaye wata 'yar kyanwa a bakin kwatar layinmu suna jifa, suna ihu wai mayya ce saboda tana tafiya tana faɗuwa, kuma kafin in yafa mayafi in fito sun gama da ita. Abin ya tsaya mini a rai, domin irinta ce kwance a kan ƙafata yanzu da nake wannan rubutu.

Ni tela ce, ina ɗinki a cikin gida a Samaru, Zariya. Da daminar bara waccan, cikin watan Agusta, magen maƙwabtanmu ta haihu a ɗakin da suke ajiye gawayi. 'Ya'ya huɗu ta haifa. Biyu ba su yi mako ba suka mutu. Ɗaya ya tashi garau, nan da nan wani ya karɓe shi don maganin ɓeraye. Ta huɗun ce da ta kai lokacin fara tafiya, wajen mako uku zuwa huɗu, aka ga ba ta tafiya irin ta 'yan'uwanta. Sai ta buɗe ƙafafu kamar mai tsallaka ruwa, ta ɗaga ta gaba sama fiye da kima, ta yi taku biyu, ta kife gefe. Kanta kuma yana kaɗawa. Masu gidan suka sa ta a kwali suka kai bola. 'Yata, wadda a lokacin take aji huɗu na firamare, ita ta naɗo ta cikin hijabinta a hanyar dawowa daga Islamiyya, ta shigo tana kuka, kyanwar ma tana kuka.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Kallo ɗaya ta yi wa kyanwar ta ce, "Ke 'yar nan, ku mayar da abin nan inda kuka ɗauko shi. Ba kowace mage ce mage ba." Almajirin da ke ɗebo mana ruwa kuwa ya sauke jarka ya ce, "Anti, ko dai ƙwaya ta sha?" Shi ne ya laƙaba mata Tangaɗi, sunan kuma ya bi ta har yau.

Gaskiya ni ma na tsorata, amma ciwon haukan kare nake tsoro, ga yara a gida. Na aika wani kyamis a unguwa a tambaya, yaron shagon ya ce a daka kwatan farasitamol a jiƙa a ɗura mata. Har na daka. Maigida ne ya ce in dakata, gobe zai ɗauke mu a babur zuwa asibitin dabbobi na jami'a, tunda ga shi kusa. Allah ne ya tsare, domin abu na farko da likitan ya gaya mana shi ne farasitamol guba ne ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe babbar mage, balle wadda ba ta cika tafin hannu ba. Don Allah duk wanda ya karanta wasiƙar nan, ko ya manta da komai, ya riƙe wannan.

Likitan ya ajiye ta a kan tebur yana kallon tafiyarta, ya duba idonta da kunnenta, ya auna zafin jikinta, ya tambaye ni ko tun da ta fara tafiya haka take, ko kuwa da lafiyarta daga baya abin ya same ta. Na ce tun farko ne. Sai ya taɓa ƙeyarsa ya ce a nan bayan kai akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa, a jikin mutum da na dabba, wadda aikinta daidaita motsi, ita ke sa ka miƙa hannu ka ɗauki kofi ba ka zarce shi ba. Ta wannan kyanwar ba ta gama girma ba. Mafi yawan abin da ke jawo haka, in ji shi, wata ƙwayar cuta ce ta maguna da suke kira fanlukofeniya, dangin fabo da ke kashe 'yan kwikwiyo. Idan ta kama uwar tana da ciki, ko ta kama jariran a kwanakin farko bayan haihuwa, sai ta afka wa wannan sashe daidai lokacin da yake tsiro. Wasu 'ya'yan su mutu, wasu su tsira lafiya, wasu su tsira da tangaɗi. Na tuna biyun da suka mutu a ɗakin gawayi, na ga lissafin ya fita.

Na tambaye shi maganin. Ya ce babu, abin da bai tsiro ba ba zai tsiro daga baya ba. Amma ya ce lalurar ba ta ƙaruwa, ba ta yi mata zafi, ba a ɗaukarta, ko mutum ko wata mage, kuma idan an kula da ita za ta yi tsawon rai kamar kowace kyanwa. Har da dariyarsa ya ce ita ba ta san akwai wata irin tafiya ba, mu ne muke jin tausayi.

Ga inda nake so masu karatu su natsu, domin ba kowane tangaɗi ne irin na Tangaɗi ba. Ita tana cin abinci, tana wasa, idonta tar, kuma yau kamar jiya take, sai ma ƙara iya sarrafa jikinta da take yi. Amma magen da ke lafiya lau jiya, yau ka ga tana layi, tana dalalar da yawu, tana amai ko shure-shure, wannan a fara tunanin guba: fiya-fiya da muke fesawa a ɗaki don sauro, ko shinkafar ɓera, ko maganin ƙwari na kare da wasu ke shafa wa mage. A garzaya da ita asibitin dabbobi. Wadda kuma halinta ya canza farat ɗaya, tana cizo ba dalili, ta kasa haɗiya, kada a taɓa ta da hannu, a kira ma'aikatan dabbobi. Ciwon haukan kare yana kama mage, kuma dabbar da alamu suka bayyana a jikinta da wuya ta wuce kwana 10. Wanda irin wannan dabba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Rainon dai ya ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Watan farko da sirinji nake ba ta abinci, ba allura a jiki, kaɗan-kaɗan ta gefen baki don kada ta shaƙe. Madarar shanu da na fara ba ta zawo ta sa ta, na daina. Da ta fara ci da kanta, kifi nake dafa mata in tsince ƙayar tsaf, da dafaffen ƙwai, da ɗan naman kaza idan an samu. Cin abincinta abin kallo ne. Tana kwance shiru ba ka ganin komai, barci kuwa kamar an zana ta. Amma da ta sa niyyar kai baki kwano, sai kan ya hau rawa, tana saran abincin kamar kaza na tsintar tsaba, rabi a baki rabi a hanci. Kwanon roba ta kifar da shi ya fi a ƙirga. Sai na sayo ƙaramin kasko na ƙasa mai nauyi, na ajiye shi a kusurwar ɗaki yadda za ta jingina da bango. Ruwa kuma a faranti marar zurfi, domin ranar da na zuba mata a kofi ta dulmiya fuska har kunne, ta fito tana atishawa.

Ɗakina tayil ne, a kansa kamar an ɗora ta a kan santsi. Na shimfiɗa tsofaffin tabarmi da buhunan shinkafa daga bakin gado har ƙofa, kuma ba na yanke mata farce, don da shi take riƙe ƙasa, da shi take jan jiki ta hau katifa. Wurin ba-haya tsohon baho ne maigida ya yanke gefe ɗaya ya rage tsayinsa, muka zuba yashi. Sauran gefunan suna tare ta idan ta yi gefe. Wani lokaci a kwance take yi ta ɓata jikinta, sai in goge mata da tsumma da ruwan ɗumi. Rijiyar gidanmu da ta shekara goma a buɗe, sanadinta aka yi mata murfi, abin da na yi ta magana a kai tun yarana na rarrafe ba a yi ba. Waje kuwa ba ta fita. Ba ta iya hawa katanga, ba ta iya tsere wa kare ko babur.

Hajiya ta yi wata biyu ba ta yarda kyanwar ta kusanci tabarmarta. Malamin Islamiyyar yaran ne, da ya zo gaishe ta, ya tuna mata hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, ya kuma ce ai Abu Huraira ma 'yar kyanwa ce ta jawo masa wannan alkunya. Hajiya ba ta ce komai ba. Amma yanzu idan ta ci tuwo da miyar kifi, na kan ga ta ware tsoka a gefen kwano, tana kiran, "Ke gurguwa, zo ki karɓa." Har yau ba ta kiranta da sunanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cutar nan ta fanlukofeniya tana da rigakafi. Ana fara yi wa 'yar kyanwa allurar tun tana mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ta kai mako 16. Ta haukan kare kuma daga mako 12. Sai dai likitan ya ja kunnena cewa ta fanlukofeniyar tun kafin mage ta ɗauki ciki ake yi, domin wani nau'in allurar idan aka yi wa mai ciki shi kansa yana iya jawo wa 'ya'yan wannan lalura. Ya ce ƙwayar cutar fanlukofeniya tana da taurin rai, tana iya shekara a ƙasa da kwanuka, sabulu kaɗai ba ya kashe ta sai an haɗa da bilic. A unguwarmu kusan kowane gida akwai mage, saboda ɓera, amma ban san gida ɗaya da ya taɓa kai tasa allura ba, har da nawa kafin zuwan Tangaɗi. Muna kai akuya da rago saboda kuɗi ne, mage kuwa sai dai ta ci abin da ta kama. Mu da muke Zariya ma, da asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a bakin ƙofarmu, ina ga na ƙauye?

Roƙona gare ka Edita, tunda ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ka samo likitan dabbobi ya yi wa masu karatu bayani da Hausa a wannan shafi, ya haɗa da maguna, kada a tsaya kan karnuka kaɗai. Malaman makarantun allo da na Islamiyya kuma su riƙa tsawata wa yara a kan jifan dabbobi. Yaran da suka kashe waccan kyanwar na san iyayensu duka, kuma kalmar mayya a gida suka ji ta.

Tangaɗi dai ba ta taɓa kama ɓera ba, ba na kuma sa rai. Shekaranjiya ta yi kusan rabin sa'a tana fakon wani kyankyaso a bayan keken ɗinkina. Ta daka tsalle ta wuce shi da kusan taƙi guda, ta bugi ƙafar keke, ta mirgina, sai ga shi ta faɗo a kansa. Ta zauna a kai ta ƙi tashi har 'yata ta dawo daga makaranta ta gani.

Na gode.

Mai karatu daga Samaru, Zariya