A sa mai keke cikin lissafin danja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin ma'aikatun ayyuka da hukumomin kula da zirga-zirga, irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, kan wani gurbi da ake bari duk lokacin da za a kafa danja ko a gyara mahaɗar hanya. Ana ƙirga motoci, ana ƙirga adaidaita sahu, amma mai keke ba ya cikin lissafi. Alhali shi ne ɗan makaranta, shi ne lebura, shi ne mai kai ganye kasuwa da asuba, kuma shi ne wanda ba shi da ƙarfen da zai tare masa idan aka yi karo.

Matsalar tana farawa ne daga daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar koren wannan hannu da kamawar koren wancan. An saba ba ruwan ɗorawa daƙiƙa 3, a ƙara 1 ko 2 da kowa ke kan ja. Wannan ya wadaci mota: a gudun kilomita 40 cikin awa tana cin mita 11 duk daƙiƙa, mahaɗa mai faɗin mita 30 ba ta kai mata daƙiƙa 3 ba. Mai keken da ya ɗauro jarkoki ko buhun gawayi, yana tafiyar kilomita 12, mita 3 da ɗan ɗoriya yake ci a daƙiƙa. Yana bukatar daƙiƙa 9. Ke nan ko da ya shiga da kore, bai karya doka ba, yana tsakiyar titi za a saki motocin ɗaya hannun a kansa. Direba ya ce ya ci danja, jama'a su gaskata, alhali agogon danjar ne ba a saita shi da gudun keke ba.

Wani zai ce ai sai a ƙara daƙiƙun. Ba kyauta ba ne. Ƙa'idar Webster ta 1958 ta lissafin tsawon zagayen danja (lokacin da kowane hannu zai samu korensa sau ɗaya), wadda har yau injiniyoyi ke farawa da ita, ta ce a ninka ɓataccen lokaci, wato jimillar daƙiƙun zagayen da motoci ba sa cin moriyarsu, sau ɗaya da rabi, a ƙara 5, a raba da abin da ya rage na ƙarfin mahaɗar. Idan ɓataccen lokaci daƙiƙa 16 ne, mahaɗar ta cika kashi 70 cikin ɗari, zagaye ɗaya zai kama daƙiƙa 97. A mayar da shi 20, zagayen ya haura zuwa 117. Jira ya yi tsawo, haƙuri ya ƙare, masu cin danja su ƙaru. Shi ya sa ba a yanke wannan hukunci da ka. Ana gina mahaɗar a kwamfuta ne a gwada ta kafin a fasa kwalta.

Manhajar yin wannan tana nan. Akwai Vissim ta kamfanin PTV, ta kuɗi ce, akwai kuma SUMO wadda cibiyar DLR ta Jamus ta fitar, kyauta ga kowa. Sai dai inda ake tafka kuskure shi ne a buɗe manhajar a bar ta yadda ta zo. Keken da ke cikin SUMO faɗinsa santimita 65 ne, yana son gudun kilomita 20, kuma yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Keken da aka rataya wa jarka dama da hagu ya kai mita guda, ba ya gudun 20, kuma ba ya tsayawa a bayan kowa. Yakan ratsa tsakanin adaidaita da mota har ya kai gaba, nan za su taru su biyar ko shida a bakin layi, kore na kamawa su bazu. Idan ba a kunna tsarin da ke yanka kowane layi zuwa ƙananan sassa ba, misali santimita 80-80, kwamfuta ba za ta taɓa nuna wannan ratse ba, kuma duk sakamakon da ta bayar na wani gari ne daban. Haka ma tsohuwar dabarar nan ta ɗaukar keke a matsayin ɗaya bisa biyar na mota, kamar yadda ake yi a Ingila. Ta yi amfani wajen auna cunkoso, amma ba ta san cewa mai keke yana jinkirin tashi ba, ba ta san inda yake tsayawa ba.

Don haka aikin gaskiya a bakin titi yake farawa. A ɗora kyamara a wuri mai tsayi, saman bene ko gadar masu tafiya a ƙasa, inda za ta ga dukkan bakunan mahaɗar. A ɗauki safiya daga 7 zuwa 9, lokacin tashin makarantu, da yamma daga 4 zuwa magariba, a ƙara da ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, domin ita ba ta kama da sauran ranaku. A ƙirga duk minti 15, kowane iri daban, kuma keke mai kaya daban da marar kaya. A shata layi biyu a kwalta, mita 20 tsakaninsu, a auna gudu. Sai abin da ya fi wuya kuma ya fi muhimmanci: tazarar da mai keke ke yarda ya kutsa cikinta. Ana duba kowace tazara tsakanin motoci biyu, daƙiƙa nawa ce, ya shiga ko ya ƙi. Daga ɗaruruwan irin wannan ake fitar da adadin da za a ba kwamfuta. Mai kaya yakan karɓi tazarar da bai kamata ba, kuma dalilinsa a fili yake: in ya sa ƙafa ƙasa, tayar da keken daga tsaye wahala ce babba, don haka gara ya rage gudu ya lallaɓa ya wuce.

Bayan an gina mahaɗar a kwamfuta, dole a gwada tsawon layin motoci da lokacin tsallakewa na kwamfuta da na bidiyo. In ba su yi kusa ba, a koma a gyara. Kuma a maimaita gwajin kamar sau 10, domin kowane gwaji yana fitowa da ɗan bambanci. A auna faɗin titin da ake bi a zahiri, ba na takarda ba: yashin da ruwan damina ya tara a gefe, kwata marar murfi, teburin mai kankana, adaidaitar da ta tsaya ɗaukar fasinja dab da mahaɗa, duk suna tura mai keke cikin motoci. A kuma gwada yanayin da aka ɗauke wuta danja ta mutu, tunda wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Da irin wannan gwaji za a iya auna magunguna masu araha. Akwai akwatin da ake shata wa kekuna gaban layin motoci, zurfinsa mita 4 zuwa 5, wanda Ingila ta fara a Oksifod a 1986. Akwai sakar wa keke kore daƙiƙa 3 zuwa 5 kafin mota. Akwai tsibirin kankare a tsakiya, mai faɗin aƙalla mita 2, da zai raba tsallakewar gida biyu, har ƙarin daƙiƙun nan ya zama ba dole ba. Wanda muka fi damuwa da shi shi ne kwanar dama. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, mai keke yana gefen dama, tirela ko tifa kuma idan za ta yi kwana sai ta fara buɗewa hagu. Mai keke ya ga fili ya shiga, madubin direba bai nuna shi ba, tayoyin baya su yanko kansa. Matse kwanar da kankare yana tilasta rage gudu, kuma kwamfuta za ta nuna nawa hakan zai rage yawan motocin da mahaɗar ke iya ɗauka.

Roƙonmu shi ne a sa ƙidayar kekuna da lissafin tsallakewarsu cikin sharuɗɗan kowace kwangilar danja ko shataletale. Sassan injiniya na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da ɗaliban da za su iya wannan ƙidaya, in aka ba su kyamara da izini. A fara da mahaɗa ɗaya da ke kusa da makaranta ko kasuwa, a buga sakamakon kowa ya gani.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin hanya, Kano.